Cikina Na Kumbura Bayan Cin Abinci, Wane Shayi Zan Sha?

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 34, ina da aure da yara biyu. Wata takwas ke nan da zarar na ci abinci, musamman na dare, sai cikina ya cika ya yi tam kamar an hura balan-balan. Da safe lafiya lau nake tashi, amma kafin in kwanta sai na sassauta ɗaurin zani. Sau biyu ana tambayata wata nawa, alhali ba ni da komai, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Gyatsa ba ta ƙarewa, wani lokacin ga ƙwannafi. Ƙawayena kowa da abin da take faɗa, sai na haɗa na'a-na'a da citta da shammar da kirfa da kanumfari a tukunya ɗaya ina tafasawa sosai, in zuba madara da zuma, in sha kofi biyu in kwanta. Wata rana in ji sauƙi, wata rana ƙirjina ya kwana yana zafi. Yanzu kuma an kawo mini wani shayi na kwali wai na wanke ciki da rage tumbi. Na sha kwana 10, yana sa ni zawo da murɗar ciki, amma cikin yana ɗan lafawa. Don Allah wane shayi ne ya fi, yaya ake haɗa shi, kuma in ci gaba da na kwalin?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da fama, Allah ya ƙara sauƙi.

Da tambayarki ta ƙarshe zan fara, domin ita ce ba ta jira. Shayin kwalin nan, ki ajiye shi yau. Juya kwalin ki karanta abin da aka lissafa a bayansa. Yawancin shayin da ake tallatawa da sunan wanke ciki ko rage tumbi akwai ganyen filasko a ciki, wanda wasu ke kira sanamaki, a jikin kwali kuma za ki ga an rubuta senna. Filasko maganin sa bayan gida ne. Yana tsokanar babban hanji ya matsa da ƙarfi, ya kuma hana shi tsotse ruwa yadda ya saba, shi ya sa kike zawo. Lafawar da kike gani ruwan jikinki ne da bayan gida suka fita, ba kitse ba, ba kuma dalilin kumburin ba. Likitoci kan ba da shi ga mai taurin bayan gida na 'yan kwanaki, ba a son a wuce mako guda sai da umarninsu, ke kuwa kin riga kin yi kwana 10. Idan aka daɗe a kansa jiki na zubar da sinadarin fotasiyam, wanda tsoka da bugun zuciya suka dogara da shi. Murɗar nan ba alamar magani na aiki ba ce, hanji ne ke shan wahala. Bayan kin daina, kina iya yin kwana ɗaya ko biyu ba ki zaga ba. Kada wannan ya mayar da ke gare shi. Hanjin an wofintar da shi ne, zai cika ya dawo daidai. Ki dai yawaita shan ruwa.

Tambayar nan ta "wata nawa" kuwa, na san yadda take suka. Mace ta shirya ta fita cikin mutane, wata ta dubi cikinta ta yanke mata hukunci, ita kuma ta dawo gida tana kallon madubi. Ki sani ba ƙiba kika yi ba, ba kuma sakacinki ba ne. A duk wasiƙarki, layin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne "da safe lafiya lau nake tashi". Cikin da ke wayar gari a lafe, ya riƙa tasowa a hankali har dare, sananne ne a wurin likitocin ciki, kuma galibi ba mugun abu ke kawo shi ba. Kitse ba ya zuwa da yamma ya tafi da asuba.

Kafin mu zaɓi shayi sai mun san wace iska muke kora, domin ta ƙofa biyu take samuwa. Ta farko ta baki take shiga. Duk lomar da aka haɗiya da 'yar iska take tafiya, kuma tana ƙaruwa idan ana ci da sauri, ana ci ana hira, ana taunar cingam, ana shan lemun kwalba mai gas, ko ana zuƙar abu mai zafi da ƙarfi. Wannan a tumbi take taruwa, ta sama take neman fita, ita ce gyatsa. Ta biyu a ciki ake ƙera ta. A babban hanji akwai tarin ƙwayoyin bakteriya da ke cinye abin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa, kamar wani irin sukari da ke cikin wake wanda jikin ɗan Adam ba shi da sinadarin farfasa shi, da makamancinsa a albasa da tafarnuwa da alkama da kabeji. Suna ci suna fitar da iska, haidurojin da kabon dayoksaid, a cikin wasu mutane har da mitan. Wannan ta ƙasa take fita, kuma lafiyayyen mutum kan fitar da ita sau 10 zuwa 20 a rana, yawanci bai ma lura ba.

Lokaci ne ke bambance miki su. Idan kina tashi daga gaban kwano, ko cikin rabin sa'a, kika ji saman cikinki ya cika, ga nauyi ga gyatsa, to matsalar tana tumbi: iskar da aka haɗiya, ko abinci mai yawa mai maiƙo da ya zauna bai sauka da wuri ba. Idan kuwa sai bayan sa'o'i ƙasan cibiya ya fara ƙugi yana murɗawa, to aikin bakteriya ne. Abinci na ɗaukar sa'o'i kafin ya isa babban hanji, don haka sau da yawa iskar da ake ɗora wa abincin dare laifinta, ta abincin rana ce. Yadda kika kwatanta naki, da gyatsa da ƙwannafi da zuwansa nan take, ya fi kama da na sama.

Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba. Wasu likitoci a birnin Basalona na ƙasar Sifen sun ɗauki hoton cikin masu irin wannan kumburi, a lokacin da yake lafe da lokacin da ya taso. A sakamakon da suka wallafa a 2009, sun ga cewa a yawancinsu iskar da ta ƙaru 'yar kaɗan ce. Abin da ke faruwa shi ne, faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda muke numfashi da ita, tana dannowa ƙasa, tsokar gaban ciki kuma ta saki, sai kayan ciki su turo gaba. Hanji ya ji an ɗan takura shi, jiki ya mayar da martanin da bai dace ba. Na faɗa miki wannan ne don ki daina tunanin cewa akwai wata ƙazanta jibge a cikinki da sai an wanke. Wannan tunanin shi masu shayin kwali suke sayarwa.

Yanzu mu dawo kan tukunyarki. Abubuwa biyar kika zuba, kuma kowannensu yana da amfaninsa, amma a haɗe ba za ki taɓa sanin wanda ya taimake ki da wanda ya ƙona miki ƙirji ba. Tafasawar da kike yi sosai kuma tana korar abin da kike nema. Amfanin na'a-na'a da shammar yana cikin wani mai ne mai ƙamshi da ke bin tururi. Ƙamshin da ya cika kicin ɗinki, maganin ne ke tashi sama. Sannan madara. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya, bayan yaye, jikinsu na rage sinadarin da ke narkar da sukarin madara, wato laktos, sai ya wuce babban hanji bakteriya su yi biki a kansa. Mai yiwuwa kina cikinsu ba ki sani ba. Zuma ita ma, duk da albarkarta, tana da wani sukari mai suna furuktos da cikin wasu ba ya tsotsewa duka idan ya yi yawa. Bayan duk wannan, kofi biyu ruwa ne kusan rabin lita a kan tumbin da ya riga ya cika, sai kuma ki kwanta a kansa. Ko ruwan zalla ne aka yi wa haka, ƙwannafi zai zo.

Na'a-na'a ita ce na fi zargi da zafin ƙirjinki, kuma ita ce a lokaci guda ta fi sauran hujja mai ƙarfi a bayanta. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai sanyin ƙamshi da aka fi sawa a shayin hira, akwai kuma fefamint, mai yaji-yaji da ke sanyaya baki kamar man goge haƙori. Ta biyun ce ke ɗauke da sinadarin mantol da yawa. Mantol na sassauta tsokar jikin hanji, murɗa ta lafa, iskar da ta maƙale ta samu hanya. A kan haka ne Kwalejin Likitocin Ciki ta Amurka, a jagorarta ta 2021, ta ba da shawarar a gwada fefamint ga masu ciwon nan na hanji mai saurin harzuƙa da ake kira IBS. Sai dai binciken da aka dogara da shi a kan man fefamint aka yi shi, wanda ake zubawa a kwanso na musamman da ba ya narkewa sai ya wuce tumbi. Shayi ya fi shi rauni nesa ba kusa ba, kuma shi tun daga maƙogwaro yake fara aiki. A nan gizo ke saƙa. A bakin tumbi akwai wata tsoka kamar zobe da ke rufewa don kada ruwan tsami ya hauro. Mantol bai san bambanci ba, ita ma sassauta ta yake yi. Ni ma na yi wani lokaci ina shan kofin na'a-na'a kowane dare, ina farkawa tsakar dare da tsami a maƙoshi, na yi ta zargin abincin da na ci. Sai da na mayar da shan ta bayan abincin rana, ina zaune ko ina kai-kawo, abin ya ɗauke. Ga mai murɗar ƙasan ciki da iska, wanda ba ya ƙwannafi, na'a-na'a ita zan fara miƙa masa. Ke kuwa ki jingine ta tukuna, da dare kam kada ki kusance ta.

Citta aikinta daban ne. Ba sassautawa take yi ba, zaburar da tumbi take yi ya motsa ya tura abinci gaba. A 2008 wasu masu bincike a Taiwan sun bai wa lafiyayyun mutane 24 garin citta giram 1.2 kafin su sha miya, suka auna da na'ura. Rabin abin da ke tumbinsu ya sauka cikin kusan minti 13, alhali ba tare da citta ba ya ɗauki kusan minti 27. Amma ba zan ɓoye miki ɗaya ɓangaren ba. A 2011 aka maimaita gwajin a kan mutane 11 masu fama da cikar ciki bayan cin abinci. Tumbinsu ya yi saurin saukar da abinci, amma damuwar da suke ji ba ta canza ba a wannan gwajin. Mutum 11 ba yawa ba ne, kuma sau ɗaya aka ba su, don haka ba a rufe magana ba. Abin da citta ta fi tabbata a kai shi ne tashin zuciya. Duk da haka, ga irin naki na sama, mai nauyi da gyatsa, ita ce mafi dacewa a fara gwadawa, muddin ba a cika mata hannu ba, domin idan ta yi yawa ita ma tana ƙona ƙirji.

Ga yadda za ki yi. Ki sami ɗanyar citta kamar gaɓar babban yatsanki, ki kankare bayan da gefen cokali, ki yanka siriri-siriri yadda haske zai kusa ratsawa, kamar yanka biyar ko shida. Ita saiwa ce, tana jure wuta, don haka ki sa ta a kofi ɗaya da rabi na ruwa, ki rufe tukunya, ki bar ta a ƙaramar wuta minti 5 zuwa 10. Ruwan zai yi launin rawaya mai haske, ya ɗan ciji harshe ba tare da ya sa ki tari ba. Idan ya sa ki tari, ya yi ƙarfi, ki ƙara ruwa. Busasshiyar citta ta fi ɗanya zafi, idan ita ce a hannunki rubu'in ƙaramin cokali ya isa kofi. Kada duk abin da kika sha a yini ya haura giram 4 na busasshiya, kuma kofi biyu a rana da nake so ki sha ba su kai kusa da haka ba.

Shammar ita ce ta biyu a lissafina. 'Ya'yanta ƙanana ne dogaye, kore-kore masu zane, da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Hukumar Kula da Magunguna ta Tarayyar Turai ta sa ta cikin tsirran da aka yarda a yi amfani da su don ƙaramar murɗar ciki da kumburi da iska, amma ta fayyace cewa yardar ta dogara ne a kan daɗewar da mutane suka yi suna amfani da ita, ba a kan manyan gwaje-gwaje ba. Awon da ta bayar kusan giram 1.5 ne, wato ƙaramin cokali da bai cika ba, a ruwan zafi mililita 250, har sau uku a rana, kuma babba kada ya wuce mako biyu a jere. Wannan iyakar tana da dalili: akwai wani sinadari a cikinta mai suna estiragol da ba a son ya yi ta taruwa a jiki.

Wajen haɗa ta ne mutane ke asara. Man yana kulle a cikin ƙwayar, idan kika jefa ta a ruwa yadda take, ruwan ɗumi mai ɗan ƙamshi kawai za ki sha. Ki zuba ta a faranti, ki danne da bayan cokali har ki ji tana fashewa ƙas-ƙas, ƙamshin ya buge ki. A lokacin za ki fasa, ba ki niƙa da yawa ki ajiye ba. Ki juye a kofi, ki zuba tafasasshen ruwa, ki kife ƙaramin faranti a kai nan take, ki bar shi minti 10 zuwa 15. Idan kika ɗaga farantin za ki ga ɗigon ruwa sun taru a ƙarƙashinsa. Kada ki yarfar da su, ki karkata su koma kofin. Haka ake yi wa duk ganye da fure da ƙwaya mai ƙamshi: ruwa ake zuba musu a rufe, ba a dafa su.

Yansun da kamun, ƙwayoyi masu ƙamshi, 'yan gida ɗaya ne da shammar, haka ake haɗa su, kusan aiki ɗaya suke yi. Amma yansun mai siffar tauraro wani tsiro ne daban, kuma a 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kan shan shayinsa, saboda akan cakuɗa shi da wani irinsa na Japan mai guba da ido ba ya bambancewa. Babunaj, furen nan mai farin baki da rawayar tsakiya, mai laushi ne, ba ya tayar da ƙwannafi, kuma ya dace da wadda damuwa ke ɗaure wa ciki da dare. Mai borin jini da furanni irin danginsa ya kiyaye. Kirfa da kanumfari ki bar su a matsayin kayan ƙamshi. Kirfar da ta fi yawa a kasuwannin duniya tana da sinadarin kumarin, wanda shansa da yawa kullum yake wahalar da hanta.

Wani abin da zai ba ki mamaki: Jami'ar Monash ta Ostireliya, wadda ta yi fice wajen auna irin sukarin da ke kumbura ciki a cikin abinci, ta gano cewa shayin shammar da na babunaj su kansu suna ɗauke da irin wanda ke cikin albasa, na'a-na'a kuwa ba ta da shi sosai. Ma'ana akwai cikin da shammar za ta lafar, akwai wanda za ta ƙara wa iska. Shi ya sa ƙawayenki duka gaskiya suke faɗa, kowa abin da ya karɓe ta take ba ki labari. Kuma shi ya sa na nace a kan ɗaya bayan ɗaya.

Tsarin da nake so ki bi ke nan. Mako na farko citta kaɗai, ƙaramin kofi ɗaya, kamar minti 20 zuwa 30 bayan abincin rana da na dare, babu madara, babu zuma, sukari ma in za ki iya ki bari. Ki bar shi ya huce ya zama mai ɗumi, ki kurɓa a hankali. Zuƙar mai zafi iska take ƙara miki, ban da haka ma, hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2016 cewa sabon shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 na iya cutar da bututun abinci. Idan citta ta karɓe ki, kin samu naki. Idan ba ki ga canji ba, ko ƙwannafi ya ƙaru, mako na biyu ki koma shammar ita kaɗai. Kada ki haɗa su sai kin san halin kowacce a jikinki.

Sai dai ƙanwata, kada ki ɗora wa kofin shayi kayan da ya fi ƙarfinsa. Shayi na rage nauyi, yana lallashin hanji, ɗuminsa kansa yana da daɗi ga ciki, amma ba ya toshe ƙofar da iskar ke shigowa. A cikin makon nan biyu ki cire madara gaba ɗaya, ta ruwa da ta gari, sannan ki dawo da ita kofi ɗaya rana guda ki ga abin da zai faru. Wannan gwajin kaɗai ya warware wa mutane da yawa matsalar shekaru. Ki rage yawan abincin dare, ki matso da shi yadda za a sami sa'a uku tsakaninsa da kwanciya. Na san mai yara biyu sau da yawa a tsaye take ci, ko ta jira kowa ya yi barci sannan ta cusa nata cikin minti biyar. Ki zauna, ki tauna, ki ajiye cokali tsakanin loma da loma. Lemun kwalba da ake sha don a yi gyatsa a ji daɗi, iskar da shi ya shigar ita ce ke fitowa, saura kuma ta wuce ƙasa. Cingam marar sukari ya haɗa laifi biyu, haɗiyar iska da wani abin zaƙi mai suna sobitol da hanji ba ya tsotsewa sosai. Bayan kin ci, ki yi tafiya a hankali minti 10 zuwa 15, ko a tsakar gida ne. Hanji ya fi saurin fitar da iska idan mutum na tsaye yana motsi fiye da idan yana kwance.

Ga kuma abin da ya shafi tsokar nan ta numfashi. Idan kin ji cikin ya fara turowa, ki zauna ki miƙe baya, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki. Ki shaƙi iska ta hanci a hankali, sannan ki fitar da ita ta baki a tsawon lokacin da ya fi na shaƙar, kina jan cikin ciki a hankali kamar kina mayar da cibiya wajen baya. Minti biyar. Kwanakin farko za ki ji kamar ba abin da yake yi, ki daure.

Ba ki faɗa mini yadda bayan gidanki yake ba kafin ki fara shayin kwalin. Idan kina yin kwana biyu ko uku, ko sai da yunƙuri, to wannan na iya zama babban dalilin, domin iska na taruwa a bayan abin da ya tsaya. Maganinsa ruwa da ganye da 'ya'yan itatuwa da motsa jiki, a ƙara su sannu a hankali, don idan aka ƙara harza, wato zaren da ke cikin ganye da 'ya'yan itatuwa, lokaci guda kumburin kan fara ƙaruwa kafin ya sauka. Ki lura kuma ko abin ya fi tsanani kwanaki kaɗan kafin al'ada, wannan na zuwa ya wuce da kansa.

Kin ce ba ki da juna biyu, amma idan akwai yiwuwar samuwarsa, ko kina shayarwa, ki bar shammar da yansun, citta ma kada ta wuce giram 1 a rana, kuma ki sanar da mai duba ki. Idan kina shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ki tambayi likita kafin ki saba da citta ko babunaj. Idan an taɓa ce miki kina da tsakuwa a matsarmama, haka nan. Mai hawan jini ya guji shayin da aka sa wa saiwar irƙus-sus, wadda ake rubutawa licorice a jikin kwali, tana ɗaga jini. Idan kina da ƙarancin jini ko kina shan ƙwayar ƙarin jini, ki ba da tazarar sa'a ɗaya ko biyu tsakanin shayin da ƙwayar ko abinci, domin ba baƙin shayi kaɗai ke hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe ba: a wani gwaji na 1999 shayin fefamint ya rage shi da kashi 84 cikin 100. Ƙwayar ƙarin jinin ita kanta, da metfomin na masu ciwon sukari, da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen, duk suna iya dagula ciki, sai ki duba ko kin fara wani daga cikinsu wajen lokacin da abin ya soma. Kuma don Allah kada ki ɗiba wa yaranki daga kofinki. Ba a ba yaron da bai kai shekara 4 ba shayin shammar, jariri kuwa ba a ba shi ko ɗaya.

Wata takwas ya isa a ce likita ya taɓa cikin nan da hannunsa, ko da shayin ya yi miki aiki. Ki nemi a yi miki gwajin Helikobakta, ƙwayar cutar da ke zama a tumbin kusan rabin mutanen duniya, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya suka sami kyautar Nobel a 2005 saboda gano cewa ita ke haddasa yawancin gyambon ciki. Ana gano ta ta bayan gida ko ta numfashi, ana kashe ta da magani na kwana 10 zuwa 14, kuma babu ganyen da zai yi wannan aikin. A duba jininki, a duba bayan gida ko akwai tsutsa ko wata ƙwayar cuta. Ki gaya masa ƙarara cewa kusan kullum ne, domin ƙa'idar da likitocin Ingila ke bi ta ce macen da cikinta ke kumbura fiye da sau 12 a wata, musamman wadda ta kai shekara 50, a duba mata ma'ajiyar ƙwai don gudun ciwon daji. A shekarunki, da cikin da ke lafawa kowace safiya, wannan abu ne mai nisa, amma dubawar ba ta da wuya, kuma za ki fi samun barci bayanta. Idan kuwa kika ga kina ramewa ba dalili, ko jini a bayan gida, ko ya yi baƙi kamar kwalta, ko amai ya ƙi tsayawa, ko abinci na maƙale miki wajen haɗiya, ko kina ƙoshi da loma kaɗan, ko ciwo na tashin ki daga barci, ko cikin ya daina sauka da safe, to ba maganar mako biyu, ki tafi asibiti a ranar.

Ki sami ɗan littafi ki ajiye kusa da inda kike cin abinci. Kowace rana ki rubuta abin da kika ci da ƙarfe nawa, shayin da kika sha, lokacin da kumburin ya fara, a sama ne ko a ƙasa, da ko kin zaga. Ki tafi da shi wajen likita, da kwalin shayin nan ma, ya ga abin da kika sha. Bayan mako biyu ki sake rubuto mini abin da littafin ya nuna, musamman ranar da kika dawo da madara.